Dutsen da Muka Ajiye a Filin Makaranta

Har yau in na ga turke da igiya a fili, sai raina ya ɓaci.

Lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Gwarzo. Wata rana na ba 'yan aji biyu labarin wani dutse da ke yawo a sama, tsakanin duniyar Mas da ta Jufita. Na ce masana sun yi ta ɗaukar hoton wuri ɗaya a sararin samaniya, taurari na nan inda suke, sai ɗigo guda da ya gusa. Suka bi shi har suka gane hanyarsa: rana yake zagayawa, shekara huɗu da 'yan kai kafin ya dawo inda ya tashi. Na zana a allo, yara suka ce su fa ba su gane ba.

Sai na fita da su fili. Muka kafa turaku biyu, muka zarga igiyar guga, muka ja layi da toka, da'ira mai ɗan tsawo kamar ƙwai. Turke ɗaya shi ne rana. Muka mirgino wani baƙin dutse daga bakin rafi muka ɗora kan layin. Muka yi alkawari: ƙarshen kowane zango za mu matsa da shi gaba, ranar da za su gama aji shida ya dawo gida, shi da na sama tare.

Ashe gari ya ɗauka. Wai baƙon malami ya fara yanka filoti a filin makaranta.

Aka kira ni ofis. Shugaban ƙungiyar iyaye, wani Alhaji mai shaguna a bakin tasha, yana zaune ya baje riga.

"Malam, mu ba yara ba ne," in ji shi. "Turke da igiya a fili, awo ne."

Na ce, "Alhaji, don girman Allah, ka taɓa ganin filoti mai siffar ƙwai?"

Shi ke nan, wai na yi masa rashin kunya. Na roƙe su mu taka, ga filin can ta taga, su tambayi kowane yaro. Ba wanda ya motsa. Shugaban makaranta, wanda da bakinsa ya ba ni izini, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Wallahi shirun nan nasa ya fi maganar Alhaji ƙona min rai. Kafin hutu aka mayar da ni Durun, can ƙasar Kabo, da sunan malamin da ya so cinye filin yara. Ni da ko akurkin kaji ban mallaka ba!

Ban sake taka makarantar ba sai shekarar da yaran za su fita. Na biyo a babur, na ce bari in leƙa.

Babu fili. Shaguna ne a jere, wasu an rufa kwano, wasu an kai linta, da turakun awo na gaske, murabba'i tsaf. Na tambayi mai shayi na waye na farkon can. Ya ce na Alhaji ne. Na tsaya ina kallon shagon.

Wata budurwa da kayan makaranta ta tsallako ta durƙusa ta gaishe ni. Da ƙyar na gane ta, ita ce mai riƙe kwanon toka ranar nan. Ta ce bayan tafiyata ba su fasa ba, duk zango sai sun matsa da dutsen, duk damina sai sun sake zuba toka.

Na ce, "To yana ina?"

Ta nuna min gindin shagon Alhaji, inda magina suka cusa shi cikin harsashi, gefensa ɗaya a waje.

"Malam," ta ce, "saura zango ɗaya ya iso."