An Raɗa wa Ɗana Suna Muna Asibiti

Assalamu alaikum. Da yawanku kun tambaye ni abin da ya sa na daina saka hotunan atamfa a nan tun bara. Sai yau na ji zan iya faɗa.

Cikina na wata takwas da 'yan kwanaki naƙuda ta taso mini, ranar Lahadi, kasuwar Illela na ci. Maigidana yana can wajen albasarsa. Maƙwabciyata ce ta kai ni asibiti.

Na haihu, ban ji kuka ba.

Na juya kai na ga nas tana goge yaron, tana murza bayansa. Sai ta kifa masa wata roba a baki da hanci, tana matsa 'yar jaka tana tura masa iska. Duk addu'ar da ta zo bakina na karanta, har ya saki wani siririn kuka.

Inna, uwar mijina, da ta gan shi ta yi hamdala. Ta ce wannan ai ba bakwaini ba ne, ga jiki ga gashi, mu tafi gida. Ni ma abin da nake so ke nan.

Amma yaron yana ta nishi, ƙirjinsa na lotsawa duk numfashi. Likita ya yaye zanen ya nuna mana.

"Inna, girman jiki daban, ƙwarin huhu daban. Nasa bai gama nuna ba."

"To mi za a yi, likita?"

Ya ce Sakkwato, yau ba gobe ba. Nan take Inna ta ɗauki jakata.

A can suka saka masa siririyar roba a hanci, haɗe da wata gora mai ruwa da ke ta ɓulɓula. Nas ta ce ita ke buɗe masa huhu. Suka ɗebi jini, suka yi hoton ƙirji. Nono tatsa nake a kofi, a ba shi ta roba. Magani da gwaji suka cinye buhunan albasar da muka ajiye.

In an ɗauke wuta, numfashina ke tsayawa har janareto ya tashi.

Matar da ke kusa da ni, 'yar garin Tozai, ta koma gida hannu wofi. Tare muke cin abinci. Har yanzu ina tuna ta.

Ranar suna muna asibiti. Maigidana ya kira daga Illela bayan an yanka rago, ya ce, "Abdulhadi." Na sunkuya na faɗa masa a kunne, roba na hancinsa.

Daga baya suka cire ta, suka ɗaura mini shi a ƙirji, fata da fata. Ranar na fara jin ɗumin ɗana.

Yanzu yana dafa bango yana miƙewa. Muna komawa ana duba ji da girmansa, komai lafiya.

Na gode wa Allah. Nas ɗin nan da ta tura masa iska, ko sunanta ban tambaya ba, Allah ya saka mata. Inna kuma, Allah ya bar mana ke.

'Yan uwana mata, in naƙuda ta zo kafin lokaci, ku nufi asibiti, ko saura kaɗan ne. In jariri na nishi, ko ƙirjinsa na lotsawa, ko leɓensa ya canza launi, kada ku jira gari ya waye. Girmansa kada ya ruɗe ku, numfashinsa za ku duba.