Motar Da Ta Yi Nauyi Babu Kaya

Jama'a, wannan abu da zan gaya muku ba ji na yi a bakin wani ba, ni ya faru da ni, kuma Allah shi ne shaidata. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ƙasar Nijar ma Faransa muke ce mata, ni kuwa ina bakanike a wata tsohuwar babbar mota, irin waɗanda soja suka sayar bayan yaƙi, muna bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya. Direban sunansa Malam Ilu, mutumin Riko ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, mutum mai sanyin hali da tausayi.

Shekarar an yi yunwa a arewa, irin wadda ba na fatan ido ya sake gani. Garin rogo muka kai Maraɗi, kuma tun a tafiya muke wuce mutane a gefen hanya sun nufo kudu da ƙafa, wasu sun kwanta a gindin itace, ba ka sanin mai barci da wanda ya riga ya cika. Muka sauke kaya muka juyo, ba komai a bayan mota sai buhunan da aka zazzage.

Da hantsi muka tsaya a wani ƙauye kusa da iyaka don mu ƙara ruwa a lagireto. Rijiya na nan, bukkoki na nan, amma ko kaza babu. Malam Ilu ya daɗe yana kallon bukkokin nan, sai ya ɗaga murya ya ce, "Salamu alaikum, mutanen gari. Duk mai son zuwa Jibiya ya fito ya hau, ba ko kwabo." Muka saurara, shiru. Muka hau muka tafi.

Ba mu yi nisa ba mota ta fara ja da ƙyar. Malam Ilu ya taka totur har ƙasa, inji na ta gurnani amma ba gudu, ya dawo giya ta biyu, ya dawo ta ɗaya, ga hanya kuwa shimfiɗe ba tudu ba yashi mai zurfi. Da ƙyar muka kai wata tsamiya dab da shingen duwan, wato kwastan, na Faransa, ya kashe ta ya ce, "Ƙanena, duba mana."

Na fara da mai, don man da muke sha a hanya ba ya rasa datti. Na kwance matatar, na tarar da tsatsa da yashi sun cushe ta, na wanke, na hura bututun da baki har fetur ya shiga maƙogwarona. Na sauke kafireta na wanke ta tas, na fidda fulogi ɗaya bayan ɗaya, biyu sun yi baƙi, na kankare su, na gyara tazarar kwantak, na kakkaɓe matatar iska. Muka tayar, wallahi ƙarar injin nan ta fi ta da daɗi, ba tari ba hayaƙi. Amma ana sa giya sai ta ɗan matsa ta tsaya tana rawa. Na ce to ko kuloci ne ke zamewa, na sansana, ba ƙauri. Na ce ko birki ne ya kama, na taɓa ƙafafun duka, ba wanda ya yi zafi.

Da na kwanta ƙarƙashinta ne na ga abin mamaki. Sifirin na baya sun miƙe sambal sun kwanta a kan gatari, ƙarfen da ke riƙe ƙafafun mota, tayoyi sun baje, yadda suke yi in mun yi lodin gyaɗa har ya wuce ƙa'ida. Na fito na hau na leƙa bodi. Buhuna ne kawai, rana na dukansu. Na kira Malam Ilu ya duba sama ya duba ƙasa.

Akwai wata tsohuwa zaune a gindin tsamiyar da ƙwaryarta babu komai ciki, tun zuwanmu take kallon bayan motar, ba mu take kallo ba. Sai ta ce, "Ɗiyana, mi ya sa kuka aje mutane cikin rana haka? Ga mata da goyo."

Na ce, "Inna, waɗanne mutane?"

Ta ce, "Waɗanda kuka ɗauko mana. Ko wurin zama ba su da, wasu na bisa wasu."

Malam Ilu ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ni na kira su, ban sani ba. Yaya zan yi?"

Ta ce, "Ka ce za ka kai su, to kai su. Kada ka sauke su nan, sun gaji da nan."

Ɗan duwan ya leƙa bodi, ya ga buhuna, ya ɗaga mana sanda muka wuce. Daga nan zuwa Jibiya ba wata tafiya ba ce, amma a giya ta ɗaya muka yi ta, inji na tafasa, ni ina riƙe da ƙofa ina karanta duk abin da ya zo bakina, kuma ban waiwaya ta tagar baya ba ko sau ɗaya. Abin da ba zan manta ba shi ne warin da ya cika gaban motar, warin jikin mutanen da suka daɗe ba su ci ba, wanda ya san shi ya san shi.

Da muka ƙetare gulbi, kafin shiga gari, Malam Ilu ya tsaya a inuwa, ya sauka ya buɗe ƙofar baya da hannunsa, ya ce, "Bayin Allah, ga Jibiya. Ku sauka, Allah ya ba ku masauki." Ina tsaye a gefe, na rantse da wanda raina ke hannunsa, na ji katakon bodi na ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ, na ga mota na ɗagowa kaɗan-kaɗan, sifirin na komawa yadda suke. An daɗe ana saukar nan. Ba sawu a ƙasa, ba inuwa, ba komai. Da muka tayar, sai ta zabura kamar sabuwa.

Amma kusurwar baya ta hagu ba ta ɗago ba. Na canja sifirin ɗin wajen a Katsina, na sake canjawa a Kano, da an sauke jak sai ta koma ta kwanta, kamar mutum ɗaya ya raɓe a wurin. Malam Ilu ya hana a riƙa ɗora kaya a kusurwar nan, kuma har ya bar tuƙi, duk garin da muka isa sai ya buɗe baya ya faɗi sunan garin a hankali, ko wanda ya rage zai ji nan ne wurin saukarsa. Ba a taɓa sauka ba. Ni na bar motar kafin shi, ban san inda ta ƙare ba.

Har yau ban san ko su wane ne ba, ban kuma tambayi malamai ba. Ni dai abin da zan ce muku, masu bin hanya, in kun tsaya a wurin da mutane suka watse, ku yi sallama, ku yi musu addu'a, ku wuce. Kada ku ce kowa ya hau.