Na Ɗora Wa Direba Laifin Tayoyin Da Na Sayo

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ni matashin bakanike ne a cikin birnin Zariya. Ina da ɗan gareji a gindin ganuwa, rumfar kwano ce da rami ɗaya da tarin sifanu. Ban kai shekara talatin ba, amma kaina ya riga ya kumbura, domin Allah Ya ba ni kunne. Mota na shigowa zan faɗi ciwonta tun direba bai buɗe baki ba, kuma sau da yawa sai a kwance a tarar haka ne. Aka yi ta zuga ni har na daina tambayar masu mota komai. In direba ya fara bayani sai in ce ya huta, motar ta fi shi iya magana. Wannan halin ne ya sa na zalunci wani bawan Allah, kuma shi ya sa na rubuto muku.

Cikin masu kawo mini aiki akwai wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi. Yana da jif mai ja da ƙafa huɗu, wadda muke kira fowil, da ita yake shiga ƙauyukan da babbar mota ba ta iya kaiwa da damina. Tana da ƙaramin liba a gefen giya, in an ja shi sai tayoyin gaba su kama ja tare da na baya. Direbanta dattijo ne mutumin ƙauye, yana haya a Kusfa, ya fi shekara goma tare da Alhaji. Ba shi da yawan magana, kuma yadda yake lallaɓa motar nan ka ce jikansa yake yi wa wanka. Ni kuwa ina yi masa kallon tsohon yayi. Gab da faɗuwar ruwa aka kawo ta in duba, na ga tayoyin gaba sun suɗe. Lokacin sabuwar taya ta yi wuya, sai na tafi Sabon Gari na zaɓo guda biyu na hannu masu kyan zane. Da ido na zaɓe su, ko lambar jikinsu ban tsaya karantawa ba.

Damina na kankama dattijon ya dawo da ƙara. Ya ce in ya ja liba a cikin laka lafiya lau, amma da ya taka ƙasa mai tauri sai motar ta fara nishi, sitiyari ya yi nauyi, tana tafiya tana dogarewa, liban kuma ya ƙi komawa sai ya yi baya. Ya fara cewa shi dai ya lura tun ranar da aka yi wani abu, na katse shi na ce kuros ɗin furofela ne, wato gaɓar ƙarfen da ke kai ja zuwa tayoyin gaba. Na canza shi. Bayan mako biyu sabon ya cinye. Na sauke ƙaramar giyar da liban ke sarrafawa, na tarar da garin ƙarfe a cikin mai, na canza boris, na buga ƙirji na ce an gama. A karo na uku furofelar gaba ta tsinke musu a daji da lodin masara, suka yini a ruwa, buhuna suka jiƙe sharkaf.

Alhaji ya kira mu zaurensa bayan la'asar, ga ƙannensa, ga abokan kasuwancinsa zaune. Ya ce yana son ya ji gaskiya, ni ne ban iya gyara ba ko direba ne bai iya tuƙi ba. Nan ne na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Na gyara zama na ce duk wanda ya san fowil ya san ba a barin liba a jaye a kan kwalta, kuma irin wannan ɓarnar ba ta da wani dalili sai wannan. Na ƙara da cewa tsufa ne, mantuwa ta fara kama shi. Ban ga ya yi haka ba ko sau ɗaya, kawai na ƙi yarda a ce kunnena ya yi kuskure. Dattijon ya rantse cewa bai taɓa hawa kwalta da liba a jaye ba. Alhaji ya miƙa hannu, shi kuma ya ajiye makulli a kan tabarma ya sa takalmansa ya fita. Kafin mako ya zagayo labari ya cika tasha cewa tsohon nan kashe mota yake yi.

Aka ɗauki sabon direba, na ja masa kunne sosai a kan liba. Kwana goma bai cika ba ya dawo da ƙara iri ɗaya sak. Na ce wa kaina motar nan ba za ta bar garejina ba sai na san ciwonta, ko da zan rufe ƙofa ga kowa. Kwana uku ina abu ɗaya. Na ɗaga ta a jak, na juya kowace taya da hannu ina ƙirga zagayen furofela, gaba da baya duk lissafi ɗaya. Na duba mai, na girgiza kowane kuros, ban sami komai ba. A rana ta huɗu na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na shiga na tuƙa ta da kaina zuwa wani fili mai jar ƙasa a bayan ganuwa. Na ja liba na miƙe sambal, ban karya kwana ba, amma sai ga nishin nan. A kwana kowace fowil takan ɗan dogare, amma a miƙe ba ta yi, sai in gaba da baya ba gudu ɗaya suke yi ba.

Na sauka na sa alli na yi wa tayar gaba da ta baya alama daidai inda suka taɓa ƙasa, na ce direba ya saki liba ya gangara a hankali. Kafin zagaye goma alamomin sun rabu, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Na zagaya kowace da igiya, ta gaba ta fi ta baya da faɗin yatsu huɗu. A cikin laka taya takan zame ta huce, a ƙasa mai tauri kuwa ba inda bambancin zai je sai cikin ƙarfe. Ashe tayoyin da na sayo ne ciwon. Sabon direban ya ce in canza tayoyin shiru, ba wanda zai ji daga bakinsa. Ba zan ɓoye muku ba, na kwana biyu ina juya shawarar nan, sai dai na kasa cin abinci.

Na koma zauren bayan la'asar, lokacin da na san mutanen ranar nan suna nan, na faɗi komai da igiyar a hannuna. Alhaji ya ce motarsa ta bar garejina ke nan, kuma ni da ƙafata zan je in dawo masa da direbansa. A Kusfa aka ce mini ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye, domin ba wanda ya yarda ya ba shi mota. Na bi shi, rabin hanya a akori kura, sauran a ƙafa cikin taɓo, na same shi a gona da fartanya. Ya saurare ni har na gama. Ya ce tun farko ya so ya gaya mini daga ranar da aka sa tayoyin ne ciwon ya fara. Ya ce ya yafe, amma ba zai koma ba, hannunsa ba zai sake ɗaukar makullin gidan da aka ƙaryata rantsuwarsa ba. Abu ɗaya ya roƙa, in je tasha in faɗa a gaban direbobi, saboda 'ya'yansa. Na je ranar kasuwa na tsaya a tsakiyarsu na faɗa da ƙarfi. Wasu suka yi dariya, wasu suka zage ni, na tsaya har suka gama.

Tun daga lokacin ban sake taɓa mota ba sai na zaunar da direbanta na ji daga yaushe ciwo ya fara, me aka canza kafin nan, sannan in hau in gwada, in auna. Ina kira ga 'yan'uwana masu sana'a, kowace iri ce, in aiki ya gagare ku ku fara tuhumar hannunku, kuma kada ku faɗi abin da ba ku gani ba a kan mutum don ku tsira da suna. Na yi iya ƙoƙarina na wanke shi, amma dattijon nan bai sake riƙe sitiyari ba har ya koma ga Allah. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a.