Rigar da Mama Ta Ɗinka wa Rediyo

A soja na koyi gyaran rediyo. Da yaƙi ya ƙare na dawo gida Kafanchan da akwatin kayan aiki da kuma girman kai wanda ya fi akwatin nauyi, na kafa rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa. Yawancin abin da ake kawo mini ƙananan rediyoyi ne na malaman makaranta da ma'aikatan jirgi, mutanen da ba sa tunawa da ni sai batir ya zube a ciki. Amma akwai aiki ɗaya da nake taƙama da shi. Wani asibitin mishan yana da ɗakunan shan magani a ƙauyuka, kowanne da rediyon oba-oba mai gajeren zango, irin wanda za ka yi magana a ciki a ji ka daga nesa. Ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe huɗu na yamma asibitin ke kunna nasa ya saurare su. In ɗaya ya lalace, wurina ake kawowa.

Sajan ɗin da ya koya mini aiki ba ya yarda a ce an gama gyaran irin wannan rediyo sai ya kwana uku a kan tebur. A kunna shi ya yi zafi, a kashe ya huce, a sake kunnawa, kana bin kowane haɗin waya kana ƙwanƙwasa shi da gindin fensir. Dalili kuwa, dalmar da ba ta kama sosai ba takan riƙe muddin ƙarfe na da sanyi, da ya ɗauki zafi sai ta saki. Na san wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu. Ina faɗa tun yanzu don kada wani ya nema mini uzuri da rashin sani.

Can bayan Kwoi, a hayin wani rafi, akwai ɗakin magani da wata ungozoma ke riƙe da shi. Kowa Mama yake ce mata. Ita kuma Injiniya take ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana, don ta san ni tun ina yawo ba wando. A farkon wata damina aka kawo mini rediyonta. Na canza bawul guda, wato ɗaya daga cikin 'yan kwalaben da ke cikinsa, na ciro wani ɗan abu da ya ƙone na liƙa sabo da dalma. Washegari direban asibiti ya tsaya a rumfata ya ce yau zai bi ta can, in ya wuce kuma sai wani watan. Na ce masa sai jibi. Ya yi dariya, ya dubi masu zaman dara da suka saba cika mini inuwa.

"Kwana uku, Oga? Ko likita ba ya riƙe mutum haka in ya warke."

Aka kwashe da dariya. Na kunna rediyon, na jira ƙarfe huɗu, na kira asibiti, murya ta fita tar. Duka-duka minti biyar. Na buga ƙirji na ce hannuna ba ya bukatar gwaji, na ɗora masa a mota da kaina. Ba direban ne ya tilasta ni ba. Dariyar masu dara ce ban iya jurewa ba.

Bayan mako uku wata matar manomin citta ta yi kwana guda tana naƙuda, yaro ya zo a karkace. Rafi ya cika, mota ba ta ƙetarewa, amma in an kira asibiti sukan turo ta bakin ruwa ta jira. Mama ta kunna rediyo tun kafin huɗu don kada lokaci ya wuce ta, ta zauna tana jira, shi kuwa yana ta ɗaukar zafi. A asibiti sun ji gaisuwarta da sunan ƙauyen, daga nan shiru. Suka ɗauka gaisuwar kullum ce iska ta yanke. Maza huɗu suka ɗauki matar a kan ƙyauren ɗaki, suka ƙetare ruwa da ita, ba su tarar da kowa a hayi ba. Uwar ta rayu. Yaron bai rayu ba. Ko da motar ta zo zai rayu? Ban sani ba, kuma na daɗe ina ɓuya a bayan wannan rashin sanin.

Aka kai ni ƙauyen tare da babban ma'aikacin da ke kula da ɗakunan magani. Na kwance bayan rediyon, kafin ma in ɗauko fensir idona ya faɗa a kan haɗin. Dalmar ta yi dushi-dushi, ta dunƙule a kan wayar ba ta narke ta shige ba. Aikin hannuna ne, ba wanda ya taɓa wurin sai ni. Mama na tsaye a bayana ta harɗe hannu, babban yana tambaya me ya faru. Na ɗaga kai, sai na ga tagar da ke saman teburin a buɗe, ga tabon ruwan sama a jikin katako.

Na ce, "Danshi ne. Ruwa ya riƙa shigowa ta nan."

Mama ta dafe baki. "Wayyo Yesu. Ni ne ina buɗe tagar saboda zafi."

Babban bai ɗaga murya ba, amma ya faɗa mata abin da ya faɗa a gaban mutane. Da ta fita kawo mana kunu, na ɗora ƙarfen da nake liƙi da shi a garwashi, na narkar da dalmar na gyara haɗin. Ko minti biyu bai ci ba. Na sha kunun har na yaba.

Zuwana na gaba na tarar an kafe tagar da ƙusa. Rediyon kuma an yi masa riga. Tsohon bargonta ta yanka, ta shimfiɗa roba a ciki, ta ɗinka da hannu, har da ɗan murfi a gaba mai maɓalli. Ɗinki ne mai kyau, na wadda ta zauna ta ba shi lokaci. Ni kuwa na san ba abin da ke kashe irin wannan rediyo kamar zafi. Na ce ta riƙa cire rigar in za ta kunna.

"A'a, Injiniya. Ba kai ne ka ce sanyi ya kashe shi ba? Sau ɗaya ya ishe ni."

Na bar rigar a jikinsa don kada in tona kaina. Sai na koma zuwa duk wata a kan kekena ba wanda ya aike ni, ina canza abin da zafi ya gasa. Mutane suka ce Injiniya akwai kirki. A wannan zirga-zirgar na ga mijin matar nan yana sauya hanya in ya hango Mama. Na ga mata sun fara haihuwa a gida. Na ga ita kanta, mai tsawa da dariya, ta koma yin magana ƙasa-ƙasa. Sau da yawa na shirya maganar a kan keke tun daga Kafanchan, ina isa sai in tambaye ta lafiyar batir.

Bayan girbin citta aka yi babban taron ikilisiyoyin yankinmu, da Jibin Ubangiji ranar Lahadi, inda ake cin gurasa a sha daga ƙoƙo ɗaya don tunawa da Almasihu. Fasto ya riga ya gargaɗe mu cewa mai riƙe da wani abu tsakaninsa da ɗan'uwansa ya je su shirya kafin ya matso teburin. Ina tsaye a gindin mangwaro a bakin majami'a sai ga Mama cikin kayan zumuntar mata. Na ce a raina yau kam zan faɗa. Ta riga ni. Matar da ta girmi uwata ta rusuna a gabana.

"Ɗana, na nemi gafara wurin iyayen yaron. Saura kai. Ka yi aikinka da kyau, ni na ɓata maka da sakaci, har kana wahala a hanya kowane wata. Ka yafe mini, in ci Jibi da zuciya ɗaya."

An fara buga ƙararrawa, mutane na wucewa suna kallonmu. Na kama hannunta na tashe ta.

Na ce, "Na yafe miki, Mama."

Ta share ido da bakin zane, ta yi mini godiya, ta sa mini albarka. Muka shiga tare. Da ƙoƙon ya zo layinmu ta sha ta miƙo mini, ni ma na karɓa na sha.

Ta yi shekara shida a wannan ɗakin magani kafin ta rasu, kuma ba ta sake buɗe tagar ba.