Jaket ɗin Khala Uwani

Duk wanda ya san Khala Uwani, ƙanwar mahaifiyata, ya san shuɗin jaket ɗin nan nata. Zafin Madina yana narka kwalta, ita kuwa tana cikinsa a ƙarƙashin abaya, gumi sharkaf, amma ko a jikinta!

Ga waɗanda suka manta mafarin, al'adar kulliyar 'yan mata ce 'yan ajin ƙarshe su zaɓi kala ɗaya su ɗinka jaket, kowace da sunanta a baya. Khala sai da ta aurar da 'ya'yanta ta shiga kulliya. Ta kai ajin ƙarshe, ta ɗinka nata, sai nahawu ya yi mata ƙafar ungulu. 'Yan ajinta suka fita suka bar ta. Ranar ta rantse ba za ta rabu da jaket ɗin ba sai shahada, takardar kammala karatu, ta zo hannunta.

Muka ɗauka wasa ne. Aka yi biki a Khalidiyya, mata sun ci ado, sai ga Khala ta tuɓe abaya, jaket ya bayyana. Mamata ta kama baki.

"Uwani, don girman Allah! Aib ne wannan, cire!"

"Yaya, rantsuwa fa na yi. In na cire, ke za ki yi mini azumin kaffara?"

Mamata da azumin Ramadan ma sai da lallashi, ta ƙyale ta da jaket ɗinta.

Ranar wanki kuwa a jiƙe take mayar da shi. Na ce, "Khala, mura!" Ta ce, "Ya binti, mukayyif ne kyauta, yana sanyaya ni. Ku masu na lantarki me kuka fi ni?"

Sabon aji ya zaɓi ja. 'Yan matan suka zo har gidanta a Ƙurban. "Ya Khala, kala ta canza." Ta ce, "Ni ban canza ba. Ku sammini ƙyalle." Ta ɗinka shi a hannun jaket. Da ta sake faɗuwa aka ƙara koren ƙyalle. Daga nan kulliya ta ce saura dama ɗaya, in ta faɗi khalas, sai gida. Mijinta ya ce ta haƙura, shekaru sun ja. Ta ce, "Alhaji, nahawun nan ai ya girme ni, shi me ya sa bai haƙura ba?" Ta rufe ƙofa tana karatu, ko gaisuwar maƙwabta ta daina zuwa.

Ta ci jarrabawar! Wallahi har kuka na yi. Muka taru da guɗa za mu cire mata, ta doke hannuna.

"Da ban cancanta ba na sa. Yanzu da na cancanta zan cire? Ba ku da hankali!"

Ba mu iya raba su ba sai ranar da aka yi mata wanka aka kai ta Baƙi'a. Jaket ɗin yana nan rataye a ɗakina, ina kewarta ƙwarai. Ya Allah, baiwarka ta sha zafi ba ta karaya ba. Ka sanyaya makwancinta, Ka tufatar da ita da tufafin Aljanna.