Babur ɗin Salahu da ke mutuwa a Hanoukopé

Kullum bayan sallar asuba Salahu yakan goge babur ɗinsa, ya jefa ƙwayar sukari uku a aljihu, ya tsaya a bakin masallacinmu na Zongo. Ɗan zem ne, wato ɗan acaba a bakin mutanen Lome. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. Makon gobe zai ajiye, bayansa ya gaji. Ni ba na yabon mutane. Wannan dai zan yabe shi.

Babana, Alhaji Mato, yana da ciwon sukari. Likita ya auna jininsa, ya ce akwai kumburi a ciki wanda ido ba ya gani, yana cin jijiyoyi a hankali. Ya ce ban da magani, in Baba ba ya tafiyar rabin awa kullum, ƙafarsa ta hagu tana cikin haɗari. Baba ya ce shi Alhaji ne, ba zai yi ta yawo a titi kamar wanda aka kora daga gida ba.

Na gaya wa Salahu, don shi ke kai Baba shagonsa na atamfa a kasuwar Adawlato. Washegari babur ya mutu a unguwar Hanoukopé, kan hanyar shago.

"Alhaji, buji ce ta ƙi ba da wuta. Mu ɗan taka, akwai makanike a gaba."

"Gaba ina, Salahu?"

"Gaba dai, Alhaji."

Suka taka har shago, Salahu na turi, Baba na faɗa. Kashegari sarƙa ce ta faɗi. Bayan nan mai ya ƙare. Hajiya Zeinab mai ƙosai a wurin ta rantse ranar da ƙarya ta ƙare wa Salahu, cewa ya yi babur ɗin na azumi. Ita ce kuma ta ga ranar da Baba ya jiƙe da gumi, sukarin jininsa ya yi ƙasa sosai. Salahu ya tura masa sukari a baki, ya buga babur sau ɗaya ya tashi, sai asibiti.

Wata takwas ke nan. Likita ya ce kumburin ya ragu, sukarin ma ya sauka. Ƙafar na nan. Na kasa riƙe sirrin, na faɗa wa Baba.

"Kai yaro ne," in ji shi. "Babur da ya mutu yana tashi da bugu ɗaya? Na daɗe da sani. Amma gara a ce babur ya lalace da a ce Alhaji Mato ya fara sport."

Salahu, kai ne maƙaryacin da nake wa addu'a. Kai ne ka sha zagi a rana ba ka rama ba. Na gode. Allah ya huta maka bayanka.

'Yan zem na Zongo, wani ya karɓi aikin. Baba na neman sabon mai kai shi shago ranar Litinin. Ya ce kada a kawo masa mai sabon babur.