Almakashina da saƙonni sittin

Matata tana gyaran na'urorin asibiti, ni kuma tela ne. Shekara tara ke nan tana kula da wani zauren imel na masu sana'arta, inda mutum ke tura tambaya ɗaya ta faɗa akwatin mutum ɗari uku. Ita ke da ikon shigar da mutum ko korarsa. Ba ta taɓa korar kowa ba, na kuma sha tsokanarta cewa sarautar ado aka ba ta.

Sai maganar Dogon Bayani ta taso. Laƙabin wani dattijo ne a zauren da ya yi ritaya, wanda ko fis ɗin injin auna jini aka tambaya sai ya cika shafi uku. Mutane suka ce ya hana zauren sakat, a kore shi. Mako guda ana ja-in-ja a kan dokar kora, wadda ta ce sai mai cin mutunci ake kora, kowa na cewa hujja a kansa ta yi yawa, amma babu wanda ya kawo ko ɗaya. Ita kuwa ta san dattijon ba shi da sauran abokan hira sai wannan zaure.

Ranar Asabar da hantsi ta shigo shagona da takardu.

"Baban yara, ara min almakashinka."

"Na yadi ne fa, Injiniya, takarda tana dakushe shi."

"Zai jure."

Ta buga saƙonni sittin na rigimar, ta sa wa kowanne lamba a baya, ta yanke sunayen. Ta baza su a teburin yankana.

"Kai ba ka san kowa ba. Ware min waɗanda ke da cin mutunci a ciki."

Na karanta har idona ya yi yaji. Masu tsawon nan sun gundure ni ƙwarai, amma babu zagi a cikinsu. Na ware huɗu. Ɗaya ma cewa ya yi, "Wasu sun tsufa da kai amma bakinsu bai sani ba."

Ta juya su tana duba lamba tana haɗawa da jerin sunayen da ta ajiye. Uku na masu neman korar ne. Da ta zo kan na huɗun sai ta sake duba lambar.

"Wannan nawa ne," ta ce.

Wallahi na so in ce kuskure na yi. Ba ta ba ni dama ba. A tsaye ta rubuta wa zauren cewa dattijon yana nan daram, mutum huɗu kuma za su yi mako guda ba su tura komai ba. Ta jera sunayen, nata a farko, ta miƙa wa mataimakinta ragamar zauren.

Ban taɓa jin girmanta kamar ranar ba. Washegari dattijon ya turo shafi uku yana roƙon a yafe mata, ta zauna ta karance shi tas, ba ta da ikon ba shi amsa.